Sau Ɗaya Ake Tayi a Oulu

Litinin, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Takardar izinin zama ta fito yau. Na sa ta cikin fasfo, na sa fasfon a ambulan, na sa ambulan ɗin ƙarƙashin sallaya a durowar sama, sannan na koma na duba ko tana nan. Tana nan.

Tikitina na biyar ga Disamba ne. Daga Kuala Lumpur zuwa Doha, daga Doha zuwa Helsinki, daga nan jirgin ƙasa zuwa Oulu, garin da maigidana Malam ya sami aikin bincike a Finland bayan ya gama digirinsa a nan, a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Tun Agusta ya tafi. Ni aka bari a unguwar Sentul da tukwane da akwatuna ina jiran takarda, korona kuma ta sa kowane ofis yana jan ƙafa. Ɗanmu Imran yana Kano wajen Hajiya, mahaifiyar Malam, yana jami'a. Ni kaɗai zan yi tafiyar.

Ban taɓa shiga jirgi ni kaɗai ba. Shi ya sa na ce zan riƙa rubuta abin da na koya game da ƙasar, ko layi biyu ne, don kada in je in ba shi kunya. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma abu ba ya zama a kaina sai na rubuta shi.

Na yau: ana cire takalmi a bakin ƙofa, kamar nan, kamar gida. Ruwan famfo ake sha, wai ya fi na roba. Ba a cika taɓa tsabar kuɗi ba, kati ne har a kantin lungu. "Kiitos" shi ne na gode. Na yi ta faɗa wa tukunya a kicin, ban sani ba ko daidai nake faɗa.

Na kira shi in yi masa albishir. Mun riga su da awa shida. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce ya gida, ya aiki, ya sanyi. Ya ce lafiya lau. Bai kunna kyamara ba, wai intanet ba ƙarfi.

Talata, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Yanzu a Oulu rana ba ta fitowa sai bayan tara, kafin uku ta faɗi. A Disamba wai ta fi haka rowa. Na duba lokutan sallarsu, azahar da la'asar da magariba a manne da juna, mutum zai yi su da alwala ɗaya bai yi wata jarumta ba. Ina so in ga wannan da idona. To zakarunsu yaushe suke cara? Ko ba su da kaji a cikin gari?

Alhamis, 19 ga Nuwamba, bayan magariba

Ɗelu, maƙwabciyata ta hawa na tara wadda mijinta yake digiri na biyu, ta raka ni shagon gwanjo a Chow Kit neman kwat. Takunkumi a fuska, aka auna mana zafin goshi, sannan aka bar mu muka shiga. Ban san akwai kayan sanyi haka a garin da fanka ba ta hutawa ba.

Na zaɓi wata baƙa mai kai wa gwiwa. Ɗelu ta taɓa ta ce, "Anti, wannan ai ba riga ba ce, katifa ce aka yi wa hannu."

Na sa. Kafin in ja zif ɗin gumi ya jiƙa mini hijabi. Mai shagon ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Boleh lah," wato ta yi.

"Zagaya mu gani," in ji Ɗelu. "Dakta zai wuce ki a tashar jirgi, ya ɗauka buhun auduga aka sauke."

Na yi mata bayanin abin da na karanta. Ba kwat kaɗai ba ce, hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama ulu, ba auduga ba, don auduga tana riƙe gumi, gumin kuma shi ke komawa sanyi. Takalmi a ƙara lamba ɗaya saboda safa biyu. Sannan akwai wani ɗan abu mai ƙyalli da suke ratayawa a jikin kwat don fitilar mota ta haska mutum a duhu. Babba da yaro kowa na da shi.

"Kamar keke kenan."

"Kamar keke."

A jirgin ƙasa muna dawowa ta ce, "Ya Dakta kuwa? Abban Al-Amin ya ce kwana biyu ba ya ganinsa a guruf ɗinsu na waya."

Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Ban san abin da ya sa na amsa da sauri haka ba.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, da magariba

Ya ce lafiya lau. Muryar wanda ya tashi daga barci, alhali a can azahar ta yi.

Asabar, 21 ga Nuwamba, bayan magariba

Na yini a kan sauna. Ɗaki ne na katako, ana zafafa duwatsu a zuba musu ruwa, mutane su zauna cikin tururi su yi shiru. Kusan kowane gida yana da nasa. A na gari maza daban, mata daban, kuma wai ba wanda zai tilasta ka cire zane in ba ka so. An ce da a ciki mata suke haihuwa, don ya fi ko'ina tsafta. Sai na tuna wankan jego. Ashe ba mu kaɗai muka san darajar ruwan zafi ba.

Na ɗauko wannan hirar in sa shi dariya. Bai yi ba. Sai na ce ya wajen aiki.

Can ya ce, "Ban je ba wannan makon."

"Na baya fa?"

Ban jira amsarsa ba.

"Malam, ciwo ne?"

"Ba ciwo ba ne, Sharifa. Na yi gwajin, ba korona ba ce. Kawai in na farka sai in ga duhu, in ce bari gari ya waye. Kafin in ankara ya sake yin duhu."

"Me ka ci yau?"

"Akwai burodi."

Ban tambaye shi me yake da shi ba, me ya ci na tambaya, amma na ƙyale.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce. "Kada Hajiya ta ji. Kada mutanenmu na nan su ji. A ce mutum da digiri uku ya kasa tashi daga gado."

Na ce to.

Hajiya ta kira daga Kano bayan na ajiye. Ta ce ya mutanen ƙasar ƙanƙara. Na ce lafiya lau, yana gaishe ki.

Lahadi, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Gidan da yake haya na katako ne mai bene. Shi yana sama, matakalarsa ta waje take. Mai gidan tana ƙasa, sunanta Pirkko, ta haura sittin, mijinta ya rasu, ta yi ritaya daga aikin kantin magani. Tana riƙe da makullinsa na biyu. Tun Agusta ya ba ni lambarta, ya ce saboda tsaro, ban taɓa amfani da ita ba sai yau.

Na rubuta mata saƙo da Turancina. Na gaishe ta, na gaida iyalinta, na yi mata ya sanyi, na yi godiya da riƙon Malam, na ce ina nan zuwa. Don kada saƙon ya zama ba dalili, na tambaye ta inda ake sayar da ɗan abin nan mai ƙyalli na kwat.

Amsarta ba gaisuwa. Ta ce: "Barka da zuwa. Zan duba. Ban cika ganin mijinki ba kwanan nan. Akwai abin da kike so in yi masa?"

Na karanta. Na rubuta: "A'a, ba komai, mun gode ƙwarai, kada ki wahalar da kanki."

Ta ce: "To."

Yanzu sai ta sake tambaya, in ɗan ja, in ce ai ko leƙa shi ne in ba takura. Ka ga ban karya masa alkawari ba, ita ce ta matsa.

Litinin, 23 ga Nuwamba, da safe

Ba ta sake tambaya ba tukuna. Ƙila dare ya yi mata.

Laraba, 25 ga Nuwamba, da azahar

Shiru. Na koma na karanta saƙona ko na yi wani kuskure a Turancin da ya ɓata mata rai. Ban ga komai ba, amma ni ce ba zan gani ba.

Na ga hoton jarirai a keken turawa, an jera su a waje cikin sanyi suna barci, iyayen suna cikin shago suna shan kofi. Wai iskar tana sa su barci mai nauyi. Na nuna wa Ɗelu a lif. Ta ce, "Mutanen da ke ajiye jariri a ƙanƙara, Anti, me kike nema a wajensu?"

Na ce an lulluɓe su da kyau ai. Amma maganar ta zauna mini. Mace ta ce da bakinta ba ta ganin mutum, yana saman kanta, makullinsa na hannunta, ta ce "to" ta juya. Ko dai haka zuciyarsu take?

Ya ce lafiya lau.

Juma'a, 27 ga Nuwamba, bayan la'asar

An soke jirgin biyar ga wata. Sun mai da ni sha tara. Ba fasinja, in ji yarinyar da ta amsa waya, ta ba ni haƙuri har sau biyu.

Na kwashe kayan akwatin na sake jerawa. Ba abin da ya canja a ciki.

Na yau: a tashar bas ba sa matsowa kusa da juna, tun kafin korona. In akwai kujera ba kowa, ba a zama kusa da mutum. Ba a ɗaga murya a waya cikin mota. In an ce ƙarfe biyu, ƙarfe biyu ne. Kafin in tashi sai na yi gwaji, in na sauka kuma in killace kaina. A ɗakinsa zan killace. Wannan kaɗai ne ya yi mini daɗi.

Asabar, 28 ga Nuwamba, da magariba

Bai ɗauka ba.

Lahadi, 29 ga Nuwamba, bayan magariba

Ya ɗauka. Na gaya masa an ɗaga tafiyar. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, a hankali, kamar kowace kalma sai ya ɗauko ta daga ƙasa.

Na ce, "Matar ƙasa ba ta leƙo ka?"

"Ta taɓa zuwa. Farkon wata. Ta ƙwanƙwasa da wata tukunya, wai romon kifi da dankali da madara."

"Ka karɓa?"

"Na ce mata na gode, na ci abinci."

"Ka ci?"

"Sharifa, ya za a yi in buɗe ƙofa in karɓe tukunya daga hannun tsohuwa kamar mai jira?"

"Sai ta ce me?"

"Ta ce to. Ta sauka da abinta."

"Ba ta dawo ba?"

"Ba ta dawo ba. Na ɗan tsaya a bayan ƙofar ma."

Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni cin abinci. Ya ɗan tsaya a bayan ƙofar.

Talata, 1 ga Disamba, bayan la'asar

Abu biyu suka faru yau, ina so in rubuta su a jere kada in rikita.

Da azahar Ɗelu ta ƙwanƙwasa da leda. Ta ce, "Anti, na yi miki tapau daga mamak, shinkafa da kaza," wato ta ƙunso mini daga gidan abincin unguwa. Na ce na ƙoshi. Ta ce karɓi mana. Na ce da gaske na ci, kai wa Al-Amin. Ta ce, "Matsa lah," ta bi ta gefena ta shige kicin, ta juye a faranti, ta sa cokali, ta ajiye a gabana ta tsaya. Na cinye tas. Rabona da abinci tun shayin jiya.

Ba ta jima da fita ba saƙo ya shigo daga Pirkko. Hoto ne. Abin ƙyalli guda biyu, masu siffar mujiya, an rataye su a hannun wata ƙofa. A ƙasa ta rubuta: "Kin tambaya. Ga su. Ɗaya naki, ɗaya nasa. Na rataye a ƙofarsa, ban ƙwanƙwasa ba."

Na daɗe ina kallon hoton. Inda ake sayarwa kawai na tambaya, don neman abin faɗa. Matar nan ta riƙe maganar fiye da mako, ta fita cikin sanyi ta saya, ta hau matakala ta rataye. Wanda ba ya da zuciya ba ya haka.

Abin da na roƙa ta yi, har da ƙari. Abin da na ce a'a ta bari. Shi ma ya ce a'a, ta bar shi.

Na koma na nemi abin da aka rubuta a kan wannan. Ashe a wajensu in ka ce ba ka so, an yarda da kai, don ba a ɗauka babban mutum zai faɗi abin da ba shi ne a ransa ba. Sake tambaya kamar ƙaryata ka ne. Barin mutum shi kaɗai kuma girmamawa ce. Na taɓa karanta wannan makon farko, na wuce shi kamar maganar takalmi da ruwan famfo. Ban ga cewa da ni ake ba.

Wato mu biyu muna tsaye a bayan ƙofa muna jiran tayi na biyu, ita kuma tana ƙasa tana ganin ta mutunta mu.

Ko ni ce nake ƙara wa abin gishiri? Hoto ɗaya ne fa.

Laraba, 2 ga Disamba, da hantsi

In haka ne, ba za ta sake tambaya ba har in zo. Sai in na buɗe baki na ce mata mijina ba ya cin abinci, ba ya fita, ki hau.

Da ya ce kada in gaya wa kowa, na ce masa to. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa fitar da maganarsa waje ba, ko ga mahaifiyata. Lokacin da kuɗin karatu ya tsaya muka yi wata da watanni a kan shinkafa da ƙwai, ba wanda ya ji a wannan benen. Abin da na iya kenan a duniya, rufa masa asiri.

Na lissafa sauran hanyoyi. Shugabansa na wajen aiki: ba ni da lamba, kuma nan ne zai fi jin ciwo. 'Yan Najeriya na garin: kafin magariba Kano ta ji. Saura ita. Mace ce, ba Musulma ba, za ta ga ɗakinsa yadda yake. Amma sa'ar Hajiya ce, ko kusa.

Sha tara ga wata ba nisa. Ƙila ya iya jira.

Alhamis, 3 ga Disamba, da magariba

Ban kira ta ba. Shi kuma bai ɗauka ba, jiya ma haka.

Na yau: akwai Musulmi a Finland tun zamanin kakanni, Tatar ake ce musu, 'yan kasuwa ne da suka zo daga Rasha. Ban san me zan yi da wannan ba.

Juma'a, 4 ga Disamba, bayan magariba

Na kira ta.

Da safe na rubuta abin da zan faɗa da Turanci. Ya cika shafi. Na soke gaisuwa, na soke ban haƙuri, na soke "in ba damuwa". Abin da ya rage bai kai layi huɗu ba, kuma da na karanta sai na ji kamar rashin kunya.

Bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na danna. Muryarta mai kauri ce, ba sauri.

Na ce, "Ni ce Sharifa. Ranar nan na ce ba komai. Ba gaskiya ba ne. Mijina ba ya cin abinci, ba ya fita, yau kwana uku bai ɗauki wayata ba. Ina so ki hau ki duba shi yanzu."

Shiru. Ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke.

"Ina nan," ta ce. "Takalmi nake sawa."

Na ji ƙarar makullai. Sai ta ce, "In ya ce in tafi fa? Ɗakinsa ne."

"Zai ce ki tafi. Zai ce lafiyarsa lau, zai ce ya ci. Kada ki tafi. Mu a wajenmu ba a karɓa a tayin farko. Sai an maimaita."

"Sau nawa?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Uku. Wani lokacin huɗu."

"Ko yana jin yunwa?"

"Musamman in yana jin yunwa."

Sannan ta ce, "To. Zan tambaya sau huɗu."

Ba ta kashe wayar ba, ina jin aljihu ta sa ta. Na ji ƙofa, na ji takunta a kan ƙanƙara, ƙurus ƙurus, kamar ana tauna ƙanzo. Ban taɓa jin ƙarar ƙanƙara ba sai yau, kuma duk da halin da nake ciki sai da na lura. Sannan katakon matakala. Sannan ƙwanƙwasa.

An daɗe kafin in ji muryarsa daga ciki, can ƙasa.

Ta ce, "Pirkko ce. Ina da romo. In kawo?"

Ya ce ya gode ƙwarai, lafiyarsa lau, ya ci.

Ta ce, "Wannan na ɗaya. In kawo romo?"

Ya ce don Allah kada ta wahalar da kanta.

"Na biyu. Ba wahala, yana kan wuta. In kawo?"

Ina zaune a ƙasan kicin a Sentul, na toshe bakina da hijabi, ban san ko dariya ce ko kuka ke son fitowa ba.

Bai amsa na ukun ba. Ita ma ba ta ce komai ba. Ruwa na dukan taga a nan, can kuma ba motsi. Ban san mutum zai iya tsayawa a ƙofar wani haka ba tare da ya yi gyaran murya ba.

Sai na ji sakata.

Ya ce, "Wa ya ce miki...?"

Ta ce, "Matarka. Tana kan waya, ga ta."

Ban ce mata ta ɓoye cewa ni na turo ta ba. Bai zo mini a rai ba cewa sai an faɗa. Da na faɗa ma ban sani ba ko za ta yarda.

Na ce, "Malam." Na ji numfashinsa. Sai layin ya yanke.

Asabar, 5 ga Disamba, da safe

Yau da ina jirgi.

Saƙonta na jiya: "Ya ci rabin kwano. Na buɗe labule. Na wanke kofuna. Na ce mu ga likita ranar Talata, zan kai shi da mota. Ya yarda a na uku."

Shi bai kira ba. Na kira sau ɗaya, na bari.

Lahadi, 6 ga Disamba, bayan magariba

Yau ranar 'yancin kansu ce. Ba kiɗa, ba taro a titi, kyandir biyu suke kunnawa a taga. Ta turo hoton tagar kicin ɗinta da kyandiran, a kan tebur kofi biyu. A gefen hoton akwai gwiwar hannu cikin rigar sanyin da na saya masa a Kampung Baru. Ta yi masa yawa yanzu.

Ta rubuta: "Ya sauko. Mun sha kofi. Ba mu yi magana ba. Zama ya yi daɗi."

Ni ma bai yi mini magana ba, amma nawa shirun daban ne.

Ɗelu ta ce idona ya faɗa. Na ce shirin tafiya ne. Ta ce, "Anti, ba sai kin faɗa ba, amma gobe a wajena za ki yi makan," wato cin abinci. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ce to. Ta kalle ni kamar na yi wani yare.

Litinin, 7 ga Disamba, da azahar

In ya ce na ci amanarsa, ba ni da amsa. Na ci. Na juya abin ta kowace fuska, in aka mai da ni Juma'a zan sake kira. Ban sani ba ko wannan yana nufin na yi daidai, ko kuwa taurin kai ne na tsufa ya fara.

Laraba, 9 ga Disamba, bayan magariba

Ya kira. Da kyamara.

Gemu ya cika masa fuska, kumatun sun shige. A bayansa akwai wata fitila mai haske fari fat, wai Pirkko ce ta ara masa, ana zama a gabanta da safe a madadin rana. Sun je wajen likita jiya. Abin da likitar ta ce ya gaya mini, ba zan rubuta a nan ba. Zai koma mako mai zuwa. Ya rubuta wa wajen aiki da kansa.

Mun gaisa kamar baƙi. Sannan ya ce, "Kin tona mini asiri, Sharifa."

Na ce, "Na tona."

"Na ce kada ki gaya wa kowa."

"Ka ce. Na kuma ce to."

Ya kalli gefe. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Ina ganin wannan maganar tana nan tana jiranmu a Oulu.

Can ya ce, "Matar nan yanzu komai sai ta ƙirga. Jiya ta ce in sa hula, na ce ba na jin sanyi, ta ce na ɗaya."

Na yi dariya. Shi ma bakinsa ya ɗan motsa.

Na ce, "Akwai sauran wuri a akwati. Me zan zo maka da shi?"

"Ba ko..." Ya tsaya. Ya shafa gemu. "Man shanu."

"A'a. Ba a shiga da kayan madara, ko nama. Za su karɓe a filin jirgi."

"Haka kawai, a'a?"

"Haka kawai."

"To daddawa. Da kuka. Ina son miyar kuka, Sharifa, tun Oktoba nake sonta."

Ɗelu tana da sauran wadda aka kawo mata daga Zariya kafin a rufe hanya, tana ɓoyonta kamar zinariya. Na hau hawa na tara kafin isha, na ƙwanƙwasa, ta buɗe. Ban ce ina wucewa ne ba. Na ce, "Ɗelu, kukarki nake so, duka."